Fasali A Kan Masu Fakewa Da Ajali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, Allah Ya datar da mu da kai, wata magana ta yawaita a bakin mutane. In ka ce wa mutum ya bar taba, ya rage sukari da maiƙo, ya tashi ya taka ƙasa da ƙafarsa, sai ya ce maka ai ajali ɗaya ne. Lafazin gaskiya ne, amma son zuciya ya ɓuya a bayansa. Mai faɗin haka ba ya barin shagonsa buɗe da dare ya ce arziki rubutacce ne. A kan dukiya yana riƙon sababi, a kan jikin da aka ba shi amana sai ya zama sarkin tawakkali.

Shin ya fi Sayyidina Umar sanin ƙaddara? Da ya nufi Sham aka ba shi labarin annoba, sai ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya yi masa inkari, shi kuwa ya buga masa misali da makiyayin da ya sami kwari mai gefe biyu, ɗaya ɗanye ɗaya busasshe: duk inda ya kora raƙumansa bai fita daga ƙaddara ba, amma mai hankali ya san inda zai kora.

To dubi abin da aka gani da ido. A Ingila, tun daga 1951, an bi rayuwar likitoci maza fiye da 34,000 har shekara 50. Aka tarar waɗanda suka dawwama kan sigari suna riga marasa sha mutuwa da kimanin shekara 10. Wanda ya bari yana ɗan 30 ya kusan tsira daga wannan hasara duka, wanda ya bari yana ɗan 60 ma ya sami kimanin shekara 3. Saboda haka kada dattijo ya ce lokaci ya ƙure masa.

Kuma ba ciki da huhu kaɗai ba, har zuciya. A Amurka an duba takardun da waɗansu mata Nasara 180 masu zaman zuhudu suka rubuta game da kansu tun suna 'yan mata. Zamansu iri ɗaya, abincinsu kusan ɗaya, ba aure, ba taba. A 2001 aka bayyana cewa waɗanda rubutunsu ya cika da godiya da farin ciki sun fi sauran daɗewa da shekaru. Ina mai kwana da hassada, mai gaba da ɗan'uwansa a kan gonar gado shekara ashirin, sa'an nan ya tafi neman laya ta tsawon rai?

In sun ce: ga wata mata a Faransa, Jeanne Calment, ta rasu a 1997 tana da shekara 122, alhali ta sha taba har cikin tsufanta, sai mu ce haka ne. Akwai kuma wanda ya faɗo daga kan giginya ya tashi ya karkaɗe rigarsa. Amma ba mu taɓa jin uban da ya ce wa ɗansa hau ka faɗo ba. Sunanta ya shahara ne don ita kaɗai ce. Dubban da taba ta kai kabari suna da shekara 50 babu wanda ya rubuta sunansu.

Allah ne Masani.