A tambayi mai jinyar dare kafin a ƙera manhajar

Daga Sabangali zuwa babban asibitin ƙasa ko Asibitin Uwa da Yaro ba wata tafiya ba ce mai nisa. Amma duk wanda ya taɓa kai yaro da zazzaɓin cizon sauro cikin dare a damina ya san wanda zai fara tarbarsa: ma'aikacin jinya ne, likita sai daga baya. Shi zai ɗora yaron a sikeli, shi zai haɗa allura.

To, ga misali. Allurar artesunate ta zazzaɓi mai tsanani, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, miligiram 3 ce ga kowane kilo idan yaro bai kai kilo 20 ba, in ya kai kuwa 2.4. Sai a narkar da garin maganin, a sake lissafin yawan ruwan da za a ja a sirinji. Mutum ya kwana tsaye, gadaje cike, uwa na kuka a kansa, a ce ya yi wannan da ka? Haba. Waya za ta iya yi masa cikin ƙiftawar ido.

An gwada a maƙwabta. A Burkina Faso, shirin IeDA na ƙungiyar Terre des hommes ya ba ma'aikatan ƙananan asibitoci kwamfutar hannu mai bi da su tambaya bayan tambaya wajen duba yara. A jihar Adamawa ta Najeriya ma akwai irinsa, ALMANACH.

Ni dai tsorona ɗaya ne: a kawo mana manhajar da aikinta kawai kwasar alƙaluma zuwa ma'aikatar lafiya. Rahoto ya hau sama, mai jinya bai ƙaru da komai ba sai ƙarin cike-cike.

Wadda muke so, ta yi aiki ko babu intanet, don kowa ya san tsadar data a Chadi, kuma ba mu manta an toshe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 ba. Ta jure ɗaukewar wuta. Ta zo da Faransanci da Larabci, ta kuma ɗauki gajerun saƙonnin murya da Larabcin Chadi, Ngambay da Hausa, domin tsohuwarmu ta ji yadda za ta ba jikanta magani da harshen da take ganewa.

Ina kira ga ma'aikatar lafiya: kafin a sa hannu kan kowace kwangila, a zaunar da masu ƙera manhajar a ɗakin yara, su kwana uku tare da masu aikin dare, su ga abin da ake nema da ƙarfe uku na dare.