Wasan Bidiyo: Lambar Kan Kwali Ba Ado Ba Ce

A birnin Maradi, da Tibiri, da Jiratawa, yara sukan taru a rumfunan wasan bidiyo, su biya ƴan kuɗi su kama na'ura. A Turai kwalin irin waɗannan wasanni yana ɗauke da lamba: 3, 7, 12, 16 ko 18, watau shekarun wanda wasan ya dace da shi. Tsarin PEGI ne ya aza wannan ƙa'ida tun 2003.

Amurka ta riga Turai. A 1993 wasan Mortal Kombat ya shiga gidaje. Kamfanin Nintendo ya shafe jinin da ke cikinsa, Sega kuwa ya bar shi ga wanda ya san lambar sirri, kuma nasa ya fi ciniki. Uwaye suka koka, majalisar dattawa ta yi zama, sai masu sana'ar suka kafa hukumar ESRB a 1994.

Tun daga nan mai ƙago wasa yake tsaka mai wuya. Jini yana jawo masu saye, amma abin da ya wuce gona da iri yana rufe kasuwa. A 2005 aka gano batsa ɓoye cikin Grand Theft Auto: San Andreas, aka maida shi ajin manya zalla, manyan kantuna suka sauke shi, sai da aka tsabtace shi ya koma kasuwa. Lambar ba ta hana mai hikima aikinsa. Tana dai tilasta shi ya gaya wa mai saye gaskiya.

A nan kuwa sau da yawa wasa yakan zo a kwafe cikin na'ura, babu kwali, babu lamba. Ɗan shekara bakwai sai ya kama abin da aka yi don ɗan sha takwas, mai rumfa ya amshi kuɗinsa.

Ya kamata hukumomin gari su sa kowane mai rumfa ya liƙa sunayen wasanninsa da shekarunsu cikin Hausa, don uban da ya yi yaƙi da jahilci ya karanta da kansa. Matasa masu ilimin kwamfuta kuma suna da abin ƙagowa: kokowar gargajiya ta dace da kowa, yaƙin Sarauniya Mangu da Faransawa a Lugu a 1899 ba ya faɗuwa ba tare da kibiya da bindiga ba. Kada a rage masa gaskiya don neman kasuwa, a sa masa lambar da ta dace da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.