Birkin Alpha Jet da kuɗin albasa a Shasha

Duk direban da ke sauke kaya a Shasha ya san dabarar nan: in ƙarfen tsohuwar DAF ya karye, aka rasa irinsa a Agodi Gate, sai a kai wa mai injin gurza ƙarfe ya auna, ya fitar da wani. To jama'a, haka sojojin samanmu suka koma yi.

Jiragen Alpha Jet da ake kai wa 'yan bindiga farmaki da su, tun farkon shekarun 1980 aka fara sayo su, kuma an daɗe da daina ƙera su. A 2016 rundunar ta haɗa hannu da Innoson na Nnewi don a riƙa yi musu kayan birki a gida.

Ni dai ina goyon baya, amma da sharaɗi. Kwaikwayon siffa ba wuya. Sanin irin ƙarfen da zafin da zai iya jurewa, nan aikin yake. Mota in ta tsaya a Jebba, a tura ta gefe, tumatir ya ruɓe, shi ke nan. Jirgi fa? Ga Ajaokuta har yau ba ta kama aiki gadan-gadan ba. DICON ta Kaduna kuwa tun 1964 take, sai 2023 aka sabunta dokarta.

Wani zai ce ina ruwan ɗan kasuwa? Ai muddin jirgi na kwance yana jiran birki, manomin albasa a Goronyo tsoron shiga fadama yake, mu kuma a kuɗin buhu muke ji.