A Fito da Bincike Fili

A taron shekara-shekara na ALISE, ƙungiyar malaman ilimin laburare da sarrafa bayanai a Amurka da Kanada, ɗaliban digirin dokta kan fafata a gasar fosta, wadda ake yi don tunawa da Farfesa Jean Tague-Sutcliffe. Ɗalibi zai tattara aikin shekaru a allo guda, ya tsaya gabansa yana amsa tambayoyin alƙalai. Wanda bai riƙe bincikensa da kyau ba, nan take asiri ke tonuwa.

Mu dai wannan tsari ya burge mu. Kundayen bincike nawa ke jibge a kan kantoci a jami'o'inmu, ƙura ta lulluɓe, ba mai buɗewa? Muna kira ga sassan ilimin laburare na jami'o'inmu su fara irin wannan gasa, har da fosta cikin Hausa.