Likita, Ba Lalaci Ba Ne!

Yau da ƙorafi na zo, kuma ba zan yi rufa-rufa ba.

Shekara 11 ke nan ina fama da ciwon ɓarin kai. Rannan na koma asibiti, likita ya ce in miƙo takardar da ya ba ni wata 3 da suka wuce. Takarda ce mai gida-gida: ƙarfe nawa ciwon ya fara, ƙarfe nawa ya sauka, ƙarfinsa daga 1 zuwa 10, me na ci, barcin awa nawa na yi. Kwana 9 kacal na cike. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Hajiya, matsalarku ke nan, ba kwa taimakon kanku." Na yi shiru a gabansa, amma a nan ba zan yi shiru ba.

Duk wanda ya tsara takardar nan bai taɓa kwana da ciwon ba. Idan ya taso yakan ɗauki awa 4 har zuwa awa 72. Haske ya zama allura a ido, ƙarar cokali ta zama guduma, ga tashin zuciya. Wasu kafin ya sauko sai su rinƙa ganin walƙiya-walƙiya, ko layin rubutu ba sa iya bi. A wannan hali ne zan kunna fitila in lalubo biro? Ko in buɗe waya haskenta ya soke ni? Idan ya lafa kuma, wuni guda mutum yake yi kamar an lakaɗa masa duka, tunani a dushe. Ranar da aka samu sauƙi ga wanki ya taru, ga yara, ga aikin da aka bari. Wa ke son tuna azabar jiya? Sai ranar asibiti ta matso a zauna a cike gidajen da ka, rabi gaskiya rabi kintace.

Akwai kuma abin da likitan bai tambaya ba: a ina zan ajiye ta? Mata sun ninka maza kusan sau 3 a wannan ciwo, kuma na da yawa daga cikinmu gab da al'ada yake tashi. Takarda mai ɗauke da ranakun al'adata, a gidan da yara ke binciken jaka, dangin miji na shige da fice? Gidan da dama ana cewa raki ne, ko a ce iska ce a nemo hayaƙi?

Kada a fahimce ni a baibai, ban ce rubutun banza ba ne. Babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna ciwon ɓarin kai, daga bakin majiyyaci ake gane shi. A ƙa'idar da ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya ta fitar a 2018, lissafin kwanaki shi ne ma'auni. Mai shan farasitamol kwana 15 a wata, ko mai haɗin kafeyin ko kodin kwana 10, har sama da wata 3, maganin da kansa na iya komawa yana jawo masa ciwon kai. Mu da kemis ke bakin ƙofarmu, wannan lissafi ba abin wasa ba ne.

To in kwanaki ake nema, a tambayi kwanaki mana! Ni dai na koma ga kalandar bangon ɗakina: ɗigo ranar ciwo, zagaye in ya kwantar da ni, ɗan layi in na sha magani. Ko 'yata takan sa min idan na kasa ɗaga kai, kuma baƙo bai san ma'anarsa ba. Da haka na gano a wata guda na sha mai kafeyin kwana 13. Abin da takarda mai gida-gida ta kasa gaya min ke nan.

Likitocinmu, mun san layi na da tsawo, ku kuma kun yi kaɗan. Amma kafin a kira mara lafiya malalaci, a tambaye shi abin da ya hana shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ku rage mana gidajen nan, ku ga ko ba za mu cike ba.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.