MU LEƘA DUNIYA: Wutsiyar wasiƙa

A wannan wata hirarmu a kan wasiƙa take, wato ɗan abin nan da mutum ke ƙarawa bayan ya riga ya ce wasalam. Ni wutsiya nike ce mata. Za mu duba yadda Girkawan dā ke yin ta.

Girka ƙasa ce a Turai. A shekara 332 kafin haihuwar Annabi Isa, sarki Iskandari ya ci Masar, Girkawa da yawa sunka zauna can. Kusan shekara 1000 ana rubutu da harshensu a Masar. Takardarsu daga wani kara ake yin ta, mai tsirowa a bakin kogin Nilu. Ruwan sama bai da yawa can, don haka takardun da anka zubar ba su ruɓe ba. A 1897 Turawan Ingila 2, Grenfell da Hunt, sunka tona jujin wani tsohon gari da ake kira Bahnasa yau, sunka fiddo takardu dubu bisa dubu. A ciki har da wasiƙun talakawa.

Wasiƙar Bagirke tana da tsari. A sama: daga wane zuwa wane, gaisuwa. A tsakiya: buƙata. A ƙasa: kalma guda mai nufin ka zauna lafiya. Daga nan magana ta ƙare. To, amma mutum ba ya rasa mantuwa. Gidan waya na sarki ne, talaka sai ya samu mai tafiya ya ba shi saƙo. Mai tafiya na tsaye, ga an tuna mai ko tufa da za a aiko, ga maƙwabci ya shigo yana cewa a gaida mishi wane. Sai a matsa a ƙasa. In wuri ya ƙare a juya takarda a rubuta a gefe, a kwance, ko a bayanta.

Wani abu kuma ya shafe mu, mu da munka koyi ƙira da girma. Da yawansu ba su iya rubutu ba, marubuci ke yi musu. Amma wanda ya ɗan iya, sai ya karɓi alƙalami a ƙarshe ya rubuta ban kwana da kanshi. Masana na gane wurin, don hannu ya sake. Wani lokaci baƙaƙen manya ne, a karkace, kamar namu na watan farko. Su ne shaida ga mai karɓa cewa ɗan uwanshi ne ya aiko.

Ga misali. A Fayum, wani yanki na Masar, an samu wasiƙar wani saurayi mai suna Afiyon, yau tana ajiye a Berlin. Ta kai shekara 1800, lokacin Rumawa ke mulkin Masar. Afiyon ya shiga sojan ruwa, anka kai shi Misenum a Italiya. Ya rubuto wa tsohonshi Efimakus. Ya ce ya tsira daga haɗarin teku, an ba shi zinariya 3 kuɗin hanya, ya aiko hotonshi na zane, kuma an sake mishi suna, yanzu Antoniyus Makzimus yake. Ya roƙi tsohon ya rubuto, don ya ga hannun da ya ba shi ilimi. Ya yi ban kwana.

Sai ga wutsiya a gefen hagu: Serenus na gaisuwa, Turbo na gaisuwa, kowa da sunan ubanshi. Ni a ganina ƴan gari ɗaya ne, sun ji za a aika takarda gida sunka ce a sa su. Layi 2 kacal, amma da su wasu gidaje za su san ɗansu na raye.

Ni kaina na taɓa cin kunya a kan wutsiya. Ina sabon karatu, wata tsohuwa ta kawo mini takardar ɗanta mai ci-rani a kurmi. Na karanta har wasalam, na naɗe na miƙa mata. Ta ce: "Ɗana, bai ce komi ba a kan hatsi?" Na ce: "Inna, bai ce ba." Bayan kasuwa 2 wani yaro ya juya takardar. Ashe a baya an rubuta kuɗin hatsi na hannun direban da ya kawo saƙo. Direba bai ci ba, yana jiran a zo. Tsohuwa kuwa ta riga ta sayar da akuyarta.

Sai wata mai zuwa, ku zauna lafiya.

Af, na manta. Girkawa da kara suke rubutu, tawadarsu kunkunniya ce da ƙaro. Karan nan kalamos suke ce mishi. Larabawa sunka mayar da shi ƙalam, mu kuma munka ce alƙalami.