Taswirar Ta Yi Kyau, Gishirin Ya Riga Ya Gudu

Akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a ɗakunan binciken halittu: a sayi sabon ma'aunin hasken eksire mai tsada, a ɗora shi kan madubin lantarki, sannan a buga taswirar sodiyam da fotashiyam mai launuka, alhali naman da aka auna an jiƙa shi a ruwan gulutaraldehayid kafin nan. Ai ɓata lokaci ne. Sodiyam, fotashiyam da kulorin narkakku ne a cikin ƙwayar halitta, ruwan magani na shiga suke barin mazauninsu. Abin da aka zana ragowar wanki ne.

Tun 1951 Raimond Castaing ya nuna a Paris cewa idan aka harba lantarki kan ɗan ƙaramin wuri a jikin abu, ana iya gano sinadaran da ke wurin daga eksiren da kowannensu ke fitarwa. Daga baya Theodore Hall na Cambridge ya samar da hanyar lissafin adadin sinadari a siririn yankan nama. Ilimin aunawa ya daɗe da nuna. Inda ake yin sakaci shi ne daskarwa.

Tsoma nama kai tsaye a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri bai wadatar ba, domin iskar da ke tasowa tana lulluɓe naman ta rage saurin sanyi. Ƙanƙara kuwa in ta samu sarari sai ta tsiro, ta ture gishirin gefe. Shi ya sa ake amfani da ruwan etan, ko daskarwa ƙarƙashin matsin da ya kai bar 2,100, wanda shi ma bai wuce kaurin kusan maikiromita 200 ba. Aikin Jacques Dubochet kan daskarar da ruwa ba tare da ƙanƙara ba ne ya kai shi ga kyautar Nobel a 2017.

Masu kare sakacin kan ce sabuwar manhaja za ta gyara. Manhaja tana iya raba alamar fotashiyam ta 3.59 keV da ta kalsiyam ta 3.69 keV, waɗanda kan haɗe. Amma ba ta san inda kalsiyam yake kafin ya ƙaura ba. Andrew da Avril Somlyo sun auna kalsiyam a cikin tsoka a Pennsylvania tun 1981, da na'urorin da yau za a raina, saboda sun daskarar da tsokar tana tsakiyar ɗaurewa.